Baƙin Dutsen Batisola

Na ji abin da kuke faɗa. Kun ce aikina ba wuya: mutum ya ɗaga takalmi, ya juya shi, ya shinshina, ya ce ya yi ko bai yi ba, shi ke nan ya ci abinci. To, ku zauna. Ba ni da yawan magana, amma yau zan yi, don kada gobe wani a cikinku ya cika wa ubangidansa kwantena da roba yana zaton fata ya saya.

Sunana Ɗanlami. Amma duk Sanyuanli, unguwarmu ta nan Guangzhou, in ka ce Ɗanlami kawai, ba wanda zai nuna maka ƙofata. Sai ka ce Ɗanlami Batisola. Sunan ba na ubana ba ne. A shago na same shi, kuma labarinsa shi ne labarin sana'ar.

Aikin farko da aka ba ni a Fagge, ina ƙarami, ba ɗinki ba ne. Duka ne. Maigidana, Malam Sani Batisola, ya zaunar da ni a kan kujera 'yar tsugunno, ya ɗora mini wani baƙin dutse a cinya, ya miƙo mini guduma mai faɗin baki da guntun ƙirgi jiƙaƙƙe, ya ce, "Buga." Na buga har hantsi. Na ce na gama. Ya ce, "Wa ya gaya maka?"

A ƙuryar shagon akwai wani tsohon Bature, gajere, hannuwansa kamar na maƙeri, haƙoransa sun zube. Baba Batisola ke nan, mai shagon. Da masu gina titi ya zo Kano, yana ɗinka wa leburorinsu takalma. Titi ya ƙare, suka tafi, shi ya zauna. Tuwo yake ci da miyar kuka kamar kowa. An ce mutumin Italiya ne. Ni a lokacin na ɗauka Italiya wata unguwa ce a Ingila. Hausarsa ba ta da yawa. Ranar nan ya taso, ya karɓi gudumar daga hannuna, ya nuna kunnensa, ya ce, "Buga har ta yi magana."

Ga yadda abin yake. Ƙirgin da za a yi ƙasan takalmi da shi, wato sol, sai an jiƙa shi, a naɗe shi a tsumma ya kwana, ruwa ya ratsa shi ba tare da ya yi laƙwas ba. Sai ka ɗora shi a kan dutse, ka fara daga tsakiya kana fita zuwa baki. Da farko ƙarar a mace take, kamar kana dukan kwaɓaɓɓen gari. Kana bugu, kana juyawa. Can sai ƙarar ta sauya, ta yi kaifi, ta dawo maka ta cikin gudumar har gwiwar hannu. Nan za ka tsaya. In ka tsaya kafin nan, ruwan damina zai shiga takalmin. In ka wuce, ka kashe fatar, za ta tsage. Na daɗe ina wannan kafin a bar ni na riƙe basilla. Cinyata ta dama har yau ta fi ta hagu baƙi.

Dutsen, girmansa kamar babban burodi. Baƙi wuluk, da santsi, wani farin zare ya ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan. Samansa ya lotsa. Dutse ne fa, ba katako ba. Nakan yi tunanin hannu nawa ne suka yi masa wannan lotsawar, amma ban taɓa tambaya ba. Yaron shago ba ya tambaya.

Sai tambari. Ɗan ƙarfen tagulla ne mai mariƙin itace, da sunan a jiki. A ɗora shi a garwashi, in ya yi zafi a danna a cikin takalmin, inda dunduniya take zama. Ban yi boko ba, ba na karanta shi. Amma na san siffarsa kamar yadda na san tafin hannuna. Dokarsa ɗaya ce: ba ya hawa takalmin da ba a daki sol ɗinsa a kan dutsen nan ba, aka kuma ɗinke shi da zare mai kakin zuma.

Baba ya rasu da damina. Ba mata, ba ɗa, ba ɗan'uwa. Limamin cocinsu ya zo. Mu yaran shago muka ɗauki akwatin a kafaɗa har maƙabartar Kirista, masu sayar da fata da majema suka biyo mu a baya. Da muka dawo, Malam Sani ya ɗauki dutsen da tambarin, ya ce a gabanmu duka, "Wannan ajiya ce. In mai ita ya zo, a ba shi." Bayan shekaru, da idonsa ya mutu, ya kira ni ya damƙa mini su. Maganar da ya yi ke nan, bai ƙara ko kalma ba.

Abin da ya kawo ni Guangzhou yunwa ce. Takalman nan ƙasar suka cika kasuwannin Kano, masu sheƙi, masu araha. Mai ɗinkin hannu ya koma gyaran silifa. Wani Alhaji da ke sarin takalma ya ce in biyo shi in riƙa duba masa kaya, don an sha cutarsa. Na zo da kaya kala biyu da dutse. A filin jirgi sun juya shi, sun ƙwanƙwasa shi, sun kira wani ya kira wani, suna neman abin da na ɓoye a ciki. Da suka gaji suka ba ni abina.

Wanda ya fara yi mini dariya a garin nan Mumuni ne, mutumin Zongon Kumasi, mai yi wa mutane lodin kaya a tashar jirgin ruwa ta Huangpu. Ya ga dutsen ya riƙe ciki.

"Massa, ka zo China da dutse? Nan fa in kana so gobe za a ƙera maka dubu, da kala-kala, har mai fitila."

Na ce, "A ƙera."

"Bakano ke nan. Ko Aljanna aka kai ku sai kun tafi da kujerarku."

Tun daga ranar muka zama abokai. Shi ke yi mini tafinta, don Turancina na ciniki ne, nasa kuwa na makaranta.

Kaya na farko da na duba, a wani sito ne bayan kasuwar takalma. Mai kayan, wanda a nan ake ce wa lawban, wato maigida, ya buɗe mini kwalin sama yana murmushi. Na ce a sauko da na ƙasa, na can ƙurya. Ya ce meyo, wai babu lokaci. Na zauna a kan kwalin na harɗe ƙafa. Da aka buɗe, na yanki ɗan ƙyalle daga cikin harshen takalmin, na kunna masa ashana. Fata in ta ƙone ƙauri take yi, kamar gashi. Wannan narkewa ya yi, ya ɗiga. Na lanƙwasa sol ɗin, ya yi fari a wurin. Na ɓare shimfiɗar ciki, takarda ce. Na ajiye masa su a jere. Ya daina murmushi, ya aika aka kawo shayi. Daga baya shi ne ya zama lawban ɗina, kuma bai sake gwada ni ba.

Kayan aikin dubawa ba su da yawa: wuƙa, ashana, babban yatsa, hanci. Sauran a kai suke. Dole ka san ƙafar mutanenka. Ƙafar Bahaushe faffaɗa ce, bayanta da tudu, ta saba da fili. Lambar da aka rubuta a nan ba ita ce lambar Kano ba. Na ga wanda ya yi lodin kwantena guda bai san haka ba, kayan suka isa, ba ƙafar da ta shiga sai ta 'yan makaranta. Dole kuma ka san abokin ciniki. Akwai Alhajin da ke son baki mai tsini kamar mashi, akwai mutumin Damagaram da ba ya son komai sai ja, akwai wanda zai rantse maka fata yake so, amma kuɗin roba ya riƙo.

Sannan maganar suna. Duk mai saro takalmi yana son sunan Italiya a ciki, don shi ke sayarwa a gida. Wasu su kwafi na manyan kamfanoni, wasu su ƙirƙiro wanda bakinsu ya ba su. Da suka ji ina da tambarin gaske, sun yi ta zuwa. Wani ya ce in danna masa a kan kaya masu gam, zai sa ni a riba. Na ce tambarin ba ya hawa gam. Ya ce ni wawa ne. Na ce na ji. Abin da na yi, na roƙi lawban ya ware mini lungu a ƙaramar ma'aikatarsa, da masu ɗinki kaɗan da na koya wa. Ni ke dukan sol, su su ɗinka, ni in duba, in danna tambari. Kayan ba yawa, amma masu saye sun san su, suna jira. Da wannan na tsaya da ƙafata a garin nan.

Sai shekarar wasannin Olimfik ta zo. Ku ba ku ga wannan shekarar ba. A Beijing ake wasan, amma mu a nan muka ji a jikinmu. Biza ta yi wuya. Wanda tasa ta ƙare, sai ya koma gida ya nemo, da yawa ba su dawo ba. Masaukai suka daina karɓar baƙo sai an juya fasfonsa gaba da baya. Kasuwar Baima, inda da sai ka yi turereniya kafin ka hau bene, ka shiga ka ji takun ƙafarka. Aikin dubawa ya tsaya cak, don ba mai saye balle a duba masa. Abin da ya rage mini a duniya shi ne kayan da na yi wa wani Alhaji na Sallah, masu tambari, suna jiran mota zuwa Huangpu.

Ana cikin haka masu binciken kayan jabu suka shigo ma'aikatar. Suka ga sunan Turawa a cikin takalma. Suka manna wa kwalayen takarda mai jan hatimi, suka ce ko a kawo mai sunan ya ce ya yarda, ko a ƙone kayan a kuma miƙa tambarin.

Lawban ya ce yana da dabara. Akwai wata 'yar Italiya da ke koya wa wata babbar ma'aikata yankan fata. Zai roƙe ta ta zo ta shaida cewa babu wani kamfani mai wannan suna a ƙasarsu, sunan banza ne kawai, sai a sake mu. Na kira Mumuni.

Ta zo da rana tsaka. Dattijuwa ce, siririya, gashinta fari an yanke shi gajere, tabarau a rataye a wuya tare da katin aikinta. Ta ce nihaw, gaisuwar mutanen nan, ba ta kalli kowa ba. Lawban ya miƙa mata takalmi ɗaya. Ta sa tabarau ta leƙa ciki. Sai ta tsaya. Ni kuma idona ya sauka a kan katin da ke ƙirjinta. Na ce muku ba na karatu. Amma siffar da ke jikin katin nan ita ce siffar da nake dannawa a fata tun ina saurayi.

Ta ɗago, fuskarta ta yi ja, ta yi magana da sauri da Turanci.

Mumuni ya yi tari. "Massa, ta ce... to, ba ta yaba ba."

Na ce, "Faɗi yadda ta faɗa."

"Ta ce ku ɓarayi ne. Kun sace sunan masu kuɗi bai ishe ku ba, sai kun haɗa da na mutanen da ba abin da ya rage musu sai sunan. Ta ce Battisuola sunanta ne, sunan ubanta ne, kuma yau za ta ga wanda ya ba ka."

Lawban ya dafe kai. Shi da ya kawo ta ta cece mu.

Ban yi musu ba. Na shiga lungu na ɗauko buhuna, na fito da tambarin na ajiye a kan tebur. Na fito da dutsen na ajiye kusa da shi.

Tambarin ko kallo bai ishe ta ba. Dutsen ta zuba wa ido. Ta ja baya ta zauna a kan kwali, a kan jan hatimin ma. Can ta miƙo hannu, ta ɗora yatsa a kan farin zaren nan, ta bi shi daga gefe zuwa gefe. Da ta fara magana, muryar ba irin ta ɗazu ba ce. Mumuni ma ya bar wasa, yana juya mini a hankali.

Ta ce garinsu wani ƙauye ne can saman duwatsu a arewacin Italiya, inda sanyi ke rufe hanya. Akwai kogi a gindinsa, duwatsun cikinsa baƙaƙe masu farin zare. A zamanin da, mutanensu ba su da sunan dangi, sai wane ɗan wane, kamar mu. Da limaman coci suka fara rubuta jarirai, sai suka rasa yadda za su bambanta masu suna ɗaya, suka riƙa haɗa wa kowa da sana'ar gidansu. Kakan kakanninta yana zama a bakin kogin nan, yana dukan sol yana yi wa fatake masu alfadarai takalman hawan dutse. Aka rubuta shi Battisuola. Da harshensu, mai dukan sol ke nan.

Mumuni ya juyo. "Ka ji? Ashe duk shekarun nan Ɗanlami Baduku ake ce maka, da Italiyanci."

Ta ce sunan bai taɓa fita daga gida ɗaya ba. Duk inda ka ji shi a duniya, daga bakin kogin nan ya taso. Annoba ta ci wasu. Yaƙi ya ci wasu. Yunwa ta sa wasu a jirgin ruwa zuwa Kudancin Amurka, can suka haifi mata, matan suka yi aure, 'ya'yansu suka ɗauki sunan wasu. Injin ya zo ya kashe sana'ar. Ƙauyen yanzu ƙofofi ne a kulle, ciyawa ta fito a kan matakala. Masu sunan da suka rage, ita ce, da ƙanwarta, da wani tsohon ɗan'uwansu da bai haihu ba. Ta ce ta nema a ƙasashe, ko za ta ji wani ya ɓulla. Shiru. In sun mutu, an rufe.

Dutsen kuwa, ta ce ba ta taɓa ganinsa ba, amma da labarinsa aka yaye ta. Na gidansu ne tun daga mutumin farko. Yayan babanta ne ya sa shi a jaka ya bi masu gina titi zuwa Afirka. Ya aiko da saƙo kaɗan, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Babanta ya ƙare rayuwarsa yana duka a kan faifan ƙarfe, yana cewa ɗan'uwansa ya jefar da gadonsu a teku.

 Lotsawar nan da nake kallo tun ina yaro, ashe ta mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakan kakana ce. Dutse ya fito daga kogin da ban san sunansa ba, ya ƙetare teku, ya zauna a Fagge, ya hau cinyata, ya hau jirgin sama, ya zo wani lungu a China, ya tarar da 'yar gidansu. Allah mai iko.

Ta tambayi yadda Baba ya mutu, ko shi kaɗai ne. Na ce ba shi kaɗai ba. Na gaya mata wanda ya ba shi ruwa, da waɗanda suka ɗauke shi, da yadda Malam Sani yake zuwa duk bayan damina ya nome ciyawar kabarin har idonsa ya mutu. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

Sai na tura mata dutsen da tambarin.

Mumuni ya kama hannuna, ya yi ƙasa da murya. "Kai, ka haukace? Bana ko ruwa ba a samu a garin nan. In ka ba ta, da me za ka ci?"

Na ce, "Ajiya ce. Mai ita ta zo. Gaya mata."

Ya gaya mata. Ta dube ni, ta daɗe. Ba ta ce na gode ba, ba ta ce a'a ba. Ta sa tambarin a jaka. Dutsen ya fi ƙarfinta, lawban ne ya kai mata har tasi. Maganar kwalaye ko tayar da ita ba a yi ba. Suna nan da jan hatiminsu.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Alhaji yana bugo waya daga Kano, ina cewa a yi haƙuri. Lawban ya daina kawo shayi. Na samo faifan ƙarfe na gwada duka a kai, don hannu kada ya mutu. Ƙarfe ne ke ƙara, fatar ba ta cewa komai. Na fara tambayar kuɗin jirgin komawa gida.

Ranar wata Juma'a, mun dawo daga masallaci ni da Mumuni, muka tarar da ita a ƙofar ma'aikata, dutsen a ƙasa kusa da ƙafarta, cikin tawul. Ta ce ta ɗora shi a kan tebur a masaukinta, tana ta kallonsa, shi ma yana kallonta. Ta ce tana so ta ga abin da nake yi da shi.

Ina da ƙirgi a tsumma. Na zauna, na ɗora dutsen a inda ya saba zama, na fara daga tsakiya. Ta rufe ido. Masu ɗinki suka tsayar da kekunansu. Ina bugu, ina juyawa, ƙarar a mace. Ina bugu. Can ta fara tashi. A bugun da fatar ta yi magana na tsayar da guduma, a daidai bugun nan ita ma ta ɗaga hannu, idonta a rufe. Ba wanda ya gaya wa wani.

Mumuni ya ce, "La'ilaha illallahu."

Ta ce rabonta da jin wannan ƙarar tun tana yarinya, a gidan wani tsoho a ƙauyensu. Ta ɗauki takalmi ɗaya ta duba shi kamar mai neman laifi. Ta ja zaren da farce. Ta ce ɗinkin nasu ne. Sai ta matsa bayan takalmin da yatsa, ya lanƙwashe. Ta ɓata rai, ta ce wannan kuskure ne, a gidansu bayan takalmi tsaye yake kamar bango.

Na ce ba kuskure ba ne, Baba ne ya mayar da shi haka. Mutanenmu sau biyar suke cire takalmi a yini. Daga wurin alwala zuwa ƙofar masallaci ba mai tsayawa ya zura ƙafa, take bayan ake yi. Mai tauri karyewa yake, ya ci dunduniya. Sai ya riƙa sa fata mai taushi ninki biyu, a taka ta ta kwanta, a saki ta miƙe.

Ta yi dariya, karo na farko. Ta ce ashe shi ma an koya masa wani abu a can.

Daga nan ta yi tambayar da ta kawo ta. Ta ce ta ji lawban yana kirana da sunan. Ni ba ɗansa ba ne. Don me?

Na ce haka muke yi. Yaro sunan maigidansa yake ɗauka. Wanda ya tashi a shagon wani, har ya tsufa da sunan shagon ake kiransa, kuma ba abin kunya ba ne, shi ne shaidarsa. Ta ce to ni da Malam Sani ke nan. Na ce a'a. Akwai Garba Batisola a Ƙofar Wambai, da yaransa. Akwai Habu Batisola da ya koma Damagaram ya buɗe shago. Akwai Ilu Batisola, shi ya bar sana'ar ma, direba ne, amma sunan bai bar shi ba. 'Ya'yan Malam Sani da sunan aka sa su a makaranta, jikokinsa ma haka, har da mata.

Mumuni ya tsaya da fassara, ya buga cinya. "Tsaya! Isa Batisola na Zongonmu, mai gyaran takalman 'yan ƙwallo, naku ne?"

Na ce, "Yaron Garba ne."

"Wallahi na ɗauka sunan wani ƙauye ne a Najeriya!"

Ya juya mata duka. Na ƙara da cewa in ta je Fagge ta ce tana neman Batisola, sai an tambaye ta wanne.

 Ta sa ya maimaita mata sunayen, tana bin su da leɓe. Garba. Habu. Ilu. Isa. Ta ce ta nemi sunan nan a duk inda jirgin ruwa ya kai mutanensu, ba ta taɓa tunanin ta neme shi a inda titi ya kai su ba. Ta ce ita da ƙanwarta sun riga sun yi masa makoki.

Washegari ta bi lawban wurin masu bincike da fasfonta. Ta ce sunan na gidansu ne, kuma wanda ke danna shi ɗan gida ne. Aka cire hatimi. Kayan sun makara, ba su riski ƙaramar Sallah ba, sai babba. Alhaji ya yi faɗa, ya sayar, ya sake aikowa.

Kafin ta bar garin na auna ƙafarta na yi mata takalmi, da bayan mai taushi, don ta ce irin na Kano take so, da shi za ta hau ƙauyen ta je kan kabarin babanta. Ranar da ta zo karɓa, ta fito da tambarin daga jaka, ta sa na danna da hannuna. Da ya huce na goge shi na miƙa mata. Ta mayar mini. Ta nuna dutsen, ta ce shi ma ya zauna.

Na ce wa Mumuni ya gaya mata ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni.

Ta saurara. Ta ce ya faɗa mata daidai kalmomin da Malam Sani ya faɗa. Ya faɗa. Sai ta ɗora hannuna a kan dutsen, ta ɗora nata a sama, ta ce, "To, ajiya ce. In mai ita ya zo, ka ba shi."

Shi nake jira. Ga dutsen nan a ƙarƙashin tebur, kun sha tuntuɓe da shi. Ƙirgi yana cikin tsumma tun jiya, ga guduma. Wanda ya ce ba wuya, ya matso ya zauna.